Gwangwanin Tasalla

Ni ce Tasalla mai banda a kasuwar Garwa,
kifin Lagdo nake kyafewa tun ina budurwa.
Hayaƙi ya ci idona, bai ci lissafina ba.

Shekarar da ɓarayi suka fasa rumfar Inna Dudu
na kwashe abin da ke ƙasan tulu
na kai gidan gilashi mai sanyi kamar randa,
na dangwala yatsa inda aka nuna mini.
Suka ce a nan kuɗi barci suke yi, ba mai tashinsu.

Ashe gidan da ɓera.
Wannan bai yaga buhu,
ƙwaya ɗaya yake ɗauka ya share sawunsa da wutsiya.
Duk wata dala ɗari, kuɗin saƙon waya
da Faransancin da ban iya karantawa.
Jaka guda, kuɗin kati
wanda ko launinsa ban taɓa gani ba.
Jaka biyu kuma, wai inshora.
Na ce, wa ya mutu?

Sali ɗan ƙanena ke karanta mini takardun,
ni kuwa duk yanka ɗaya
sai in jefa ƙwallon tsamiya a gwangwanin tumatir.
Kafin damina ta uku, gwangwani ya cika har baki.

Na je. Yarinyar bayan gilashi, mai jan farce,
ta ce, "Mama, na'ura ce."
Na ce, kira mini na'urar mu gaisa.
Ta ce in rubuto. Muka rubuto.
Suka buga hatimi, suka ce sati biyu.
Kogin Binuwai ya cika, ya janye, ya bar yashi,
dorina ta haihu, ɗanta ya iya iyo,
sati biyu bai cika ba.

Maƙwabta suka ce, Tasalla, bar wa Allah,
ƙwai ba ya ja da dutse.
Na ce na bar masa, shi ya ba ni ƙafa.
Wasiƙa ta biyu, na ƙulle kwafinta a bakin zane.
Ta uku kotu na kai,
na sayi tambur da kuɗin tarwaɗa shida.

Ranar zama lauyansu ya zo da jaka mai ƙyalli,
ya yi magana har fanka ta gaji.
Da aka zo kaina, ba ni da dogon zance.
Na kife gwangwani a kan tebur.
Ƙwallaye suka watse, ɗaya ya gangara
ya tsaya a bakin takalmin lauyan.
Tafinta ya cije leɓe.
Alƙaliya ta gyara tabarau, ta ƙirga da gindin biro:
saba'in da uku.
Ta bi layukan takardar banki:
saba'in da uku.
Ta ce a nuna mata inda yatsana ya yarda da inshora.
Aka buɗe shafi, aka rufe shafi,
aka lashi yatsa, aka sake buɗewa.
Babu.

Jaka tamanin da huɗu da 'yan kai suka dawo.
In na cire kuɗin mashin, da tambur,
da ranakun kasuwa tara da rumfata ta wuni a rufe,
saura bai wuce kwandon kifi biyu ba.
Amma ranar na ci tuwo har na siɗe kwano.

Bayan magariba waya ta yi ƙara.
Sali ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa:
sun sanar da ni kuɗina sun shigo,
sun kuma yanki dala ɗari, ladan sanarwa.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Na ɗauraye gwangwani, na kife shi ya tsane,
na jefa ƙwallo ɗaya. Ya yi ƙara, don shi kaɗai ne.

Gobe da hantsi Inna Dudu za ta zo da nata.
Na madara ne, ya fi nawa girma.